Huji Uku a Jikin Waya

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina kai mota wurin mutum ɗaya. Motoci huɗu na riƙe a tsawon wannan lokaci, kuma duk abin da ya shafi wutarsu, daga fitilar gaba zuwa ta baya, hannunsa kaɗai ne ya taɓa. Mai wayarin ne, amma babu mai kiransa haka a layin. Mai Allura ake ce masa. Baƙi sukan ɗauka ma'aikacin asibiti ne, har an taɓa kawo masa wata tsohuwa mai zazzaɓi a bayan babur, ya ba ta kujera da ruwa, ya nuna wa jikanta hanyar asibiti.

Sunan ya samo asali ne daga kayan aikinsa. Ɗan ƙaramin ƙwan fitila ne da ya haɗa wa waya ta kowane gefe. Gefe ɗaya yakan maƙala shi a jikin ƙarfen mota, ɗayan kuwa allurar ɗinki ce a ɗaure a bakinsa. Idan yana neman wayar da ke ɗauke da wuta a cikin damin wayoyi, ba ya yanka ko ɗaya, ba ya feɗe robar jikinta. Sai ya soka allurar. In ƙwan ya kama, an samu. In bai kama ba, sai ya matsa faɗin yatsa ɗaya ya sake sokawa, ya ƙara matsawa ya soka na uku, sannan ya yarda babu wuta a wannan wayar. Na sha ganin haka har na daina kallo.

Allurar daga wurin Tela ya karɓe ta, wanda shagonsa ke manne da rumfarsa. Rumfar ta kwano ce, a tsakanin Tela da mai faci. Akwai benci ɗaya, da tebur mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, da gwangwanayen madara cike da fis, kowane girma da gwangwaninsa. Wayoyi suna rataye a ƙusoshi bisa launi, ja a farko, baƙi a ƙarshe. Kafin ya shiga motar mutum sai ya wanke hannu ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kujera. Ban taɓa ganin wani mai wayarin yana haka ba, kuma shi ne dalilin da ya sa na tsaya a wurinsa tun ranar farko.

Aji uku kawai ya yi a makaranta. Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya kai shi wurin wani abokinsa mai wayarin yana da shekara goma sha biyu, kuma tun daga nan bai yi wata sana'a ba. Ya yi aure, ya haifi huɗu, matar ta rasu lokacin da ƙaramar ke firamare. Mutum ne marar yawan magana, ba ya son a tsaya masa a ka. Magana ɗaya ce yake maimaitawa, kuma duk layin sun haddace ta. Ranar da na fara kai masa mota ya faɗa mini ita.

"Akawu," in ji shi, don haka yake kirana har yau, "duk ranar da mota ta dawo mini saboda ɓarnar da hannuna ya yi, ranar zan mayar wa Tela allurarsa in tafi gida."

Tela ya leƙo ta tagarsa ya ce, "Ina jira, Likita. Ina da wandon da zan yi wa kalmasa da ita."

Shekara arba'in suna wannan wasa. Allurar ta karye an canja ta ba sau ɗaya ba, amma kullum daga wurin Tela, kullum kuma sai ya ce aro ce.

Ni a gidan waya na yi aiki, shekara tara a ɗakin aika telegiram, sauran a ofis. A makarantar mishan da na yi an koya mana abu biyu da ba su bar ni ba: a rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, kuma kada a goge kuskure, a ja masa layi ɗaya ta yadda mai zuwa zai iya karanta abin da aka rubuta da farko. Saboda haka kowace mota da na riƙe tana da littafinta a akwatin gaba. Ranar da aka taɓa ta, abin da aka taɓa, wanda ya taɓa. Mai Allura yakan yi mini dariya a kan wannan littafi, ya ce wata rana zan rubuta ranar da kaza ta hau bonet.

Mota ta huɗu ɗana ne ya aiko mini da ita, bayan ya gaji da jin tsohuwar ta tsaya mini a hanya. Da na kai wa Mai Allura ita ya gani, ya buɗe bonet ya daɗe a tsaye.

"Wannan ai ba mota ba ce, ofis ne," in ji shi. "Ko'ina a rufe, sai ka nemi izini."

A lokacin aiki ya riga ya soma ja baya a rumfar. Masu sababbin motoci suna wucewa wurin masu kwamfuta, shi kuwa sai tsofaffin motocin haya da mu tsofaffin mutane. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɗaya daga cikin masu kwamfutar 'yarsa ce. Auta, ƙaramar cikin huɗun, ita kaɗai ta gaji sana'ar. A rumfar ta girma bayan rasuwar uwarta, tana riƙe masa tocila, tana jera masa fis. Daga baya ta yi makarantar koyon sana'a, ta sami aiki a wani babban gareji a can ƙarshen gari, ta yi aure ta haihu ba ta bar aikin ba. Yana alfahari da ita a bayan idonta. A gabanta kuwa na'urarta "'yar duba" yake ce mata, kuma ya hana ta shigo masa da ita rumfa.

Motar ta yi mini shekara uku lafiya. Da damina ta huɗu ta kama, wata safiya ina kan hanyar kasuwa bayan an kwana ana ruwa, sai duk fitilun allon gaban direba suka kama lokaci ɗaya. Allurar da ke nuna gudu ta faɗi ƙasa alhali ina tafiya, sitiyari ya yi nauyi. Na tsaya, na kashe, na sake tayarwa, komai ya koma daidai. Bayan kwana shida ta sake. Bayan kwana biyu ta sake. Ranar Litinin ta uku ga watan Agusta na murɗa makulli ba ta ce komai ba, sai da aka jawo ta zuwa rumfar Mai Allura.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a wurinsa. Ya duba batir, ya kankare kawunansa. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga wa rana. Ya bi duk inda aka ɗaure waya a jikin ƙarfe ya goge ya ƙara ɗaurewa. Ko'ina ya soka allura ƙwan yana kamawa inda ya kamata ya kama.

"Wuta tana nan, Akawu," in ji shi a rana ta tara. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya. "Ko'ina akwai wuta. Mota mai wuta a ko'ina kuma ta ƙi tashi, ban taɓa gani ba."

Na lura ya rame a cikin kwanakin. Ya daina zuwa shan shayi da mai faci. Ɗana kuma yana ta bugo waya yana cewa in ɗauke motar in kai babban gareji. Na ce ba zan sa a jawo mota daga ƙofar mutumin nan a gaban duk layi ba. Abin da na iya yi shi ne na je na same shi na ce, "Ka bar Auta ta zo da 'yar dubarta. A nan za ta yi aikin, a rumfarka."

Ya gama naɗe wata waya ya rataye.

"Motarka ce," in ji shi.

Ta zo ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaishe ni. Tela ya leƙo.

"A'a, yau an kira babban likita daga birni. Likitan ƙauye ya gaza ke nan."

"Kawu Tela, ka ji da zarenka," in ji ta, tana dariya. Uban bai yi dariya ba.

Ta wanke hannu, ta shimfiɗa jarida a kujera, ta jona na'urarta a wani soket da ke ƙasan sitiyari. Na'urar kamar babban littafi take, mai fuskar gilashi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira mu.

"Baba, motar nan ƙwaƙwalwa bakwai gare ta. Ta inji daban, ta birki daban, ta giya, ta allon gaba, ta makulli, da sauransu. Kowace tana da wutarta, shi ya sa ƙwanka yake kamawa. Amma sai sun yi magana da juna kafin mota ta tashi. Ta makulli za ta ce wa ta inji makullin gaskiya ne, sannan inji ya yarda. Duk maganar a kan wayoyi biyu take bi, sirara, an murɗe su tare kamar igiya."

"To me suka ce miki?" in ji shi.

"Huɗu sun amsa. Uku sun yi shiru: inji, birki, giya."

Nan na ji kamar an mayar da ni ɗakin telegiram. Idan da safe muka kira tashoshin da ke kan layi, na kusa suka amsa, na nesa uku suka yi shiru, ba ma cewa ma'aikata uku sun mutu a dare ɗaya. Mun san waya ta tsinke a tsakanin ta ƙarshe da ta amsa da ta farko da ta yi shiru, sai a tura mai gyara can. Na faɗa mata haka.

"Shi ke nan, Baba Akawu ya gama aikin," in ji ta. "Huɗun da suka amsa duk a cikin ɗaki suke. Ukun da suka yi shiru duk suna gaba, wajen inji. Ba su lalace ba, hanya ce ta yanke."

Ta cire kan batir, ta ɗauko mita ta ɗora bakinta biyu a kan ramuka biyu na soket ɗin. Ta ce a kowane ƙarshen layin akwai ɗan abin da ke tare wuta, kowanne ɗari da ashirin a ma'aunin mita, idan layi lafiya yake mita tana ganin biyun tare ta nuna sittin. Ta juyo mana da fuskar mitar. Ɗari da ashirin ta nuna.

"Ƙarshe ɗaya kawai take gani. Ɗayan yana can bayan inda ya yanke."

Mai Allura ya matso a karo na farko. Lamba ce, kuma lamba yana girmama ta.

"Ta ina wayoyin suke ratsawa zuwa gaba?"

"Ta gefen ƙafar direba."

"Ba ni wuri."

Shi da kansa ya cire murfin robar da ke wurin, ya ɗaga kafet. Ƙasan a jiƙe yake. Auta ta bi sawun ruwan da yatsa har sama, ta ce robar gilashin gaba ce ke yoyo, ruwan yana gangarowa ta jikin ginshiƙi ya sauka daidai kan damin wayoyin. Ta ba shi mitar ya riƙe, ta sa hannu tana matsa damin kaɗan-kaɗan. A wani wuri lambar ta yi tsalle zuwa sittin, ta koma.

"Nan ne," in ji shi.

Ta warware salatif ɗin da ke naɗe da damin, ta zaro wayoyi biyun da aka murɗe, ɗaya kore ɗaya fara. Ta haska tocila. Na ga hannunta ya tsaya. Sai ta rufe wurin da babban yatsa.

"Ɓera ne, Baba. Ya ɗan taɓa ta. Bari in yanke in sa sabuwa."

"Ɗauke hannunki."

"Baba, ba wani abu ba ne."

"Auta, ɗauke hannunki."

Ta ɗauke. Ya sa tabarau ya sunkuya. Ni ma na leƙa ta kan kafaɗarsa. A jikin koriyar wayar akwai huji uku, ƙanana kamar ɗigon alƙalami, a jere, tsakanin kowanne da na kusa da shi faɗin yatsa ɗaya. Bakin kowane huji ya yi kore-kore. A jikin farar ma uku ne. Ya lanƙwasa koriyar a hankali, robar ta buɗe a huji na tsakiya, abin da ya zubo ba tagulla ba ce, gari ne.

"Ɓeran nan ya iya awo," in ji shi.

Keken ɗinkin Tela ya tsaya.

Auta ta ce, "Wa ya san hannun da motar nan ta bi kafin ta zo nan? Masu allura suna da yawa a duniya. Baba Akawu, an taɓa buɗe wurin nan a hannunka?"

Na san amsar. Na ce, "Ban tuna ba." Ban taɓa yin ƙarya a gaban mutumin nan ba sai ranar, kuma bai bar ta ta yi minti ɗaya ba.

"Akawu ba ya mantuwa, yana da littafi. Ɗauko."

Na buɗe akwatin gaba na ɗauko. Na yi ta juya shafi kamar ina nema. Ya jira. Na karanta: ranar Talata, sha tara ga watan Maris, shekara biyu da suka wuce, fitilar birki ta hagu ta daina kamawa, an buɗe damin wayoyi na gefen ƙafar direba, an gano wayar, an gyara. A ƙarshen layin, inda nake rubuta wanda ya yi aiki, sunansa ne.

"Na tuna," in ji shi. "Na soke su ƙwan bai kama ba. Na ce matattun wayoyi ne, me ya sa aka murɗe su haka."

"Ba ka da laifi, Baba. Wutar da ke cikinsu ba ta kai ta kunna ƙwan fitila ba. Kuma da gilashi bai yi yoyo ba, da har yau lafiya suke. Wayoyin da ka saba da su masu kauri ne, ko ka huda su sau goma ba sa ji. Babu wanda ya gaya maka."

"Kin taɓa gaya mini. Na ce ki fita mini da 'yar dubarki."

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce a ba shi almakashi. Shi ya yanke ruɓaɓɓen wurin, tsawon tafin hannu. Ya tambaye ta kaurin wayar da ta dace, ta zaɓa daga ƙusoshinsa. Ya ɗumama ƙarfe ya haɗa da dalma, haɗin da ban taɓa ganin mai kyansa ba, sumul kamar ba a taɓa yankewa ba. Ta ce sai an murɗe su kamar yadda suke da, tsawonsu kuma ɗaya. Ya ƙirga murɗin tsohuwar ya yi daidai da shi. Ta ɗora mita: sittin. Ta mayar da kan batir, ta jona na'urarta, bakwai ɗin duka suka amsa. Na murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata.

Mai faci ya soma tafi, ya ga babu mai taya shi, ya bari.

Mai Allura ya wanke hannu. Ya ɗauko ƙwan gwajinsa daga kan tebur, ya warware zaren da ya ɗaure allurar, ya zagaya zuwa tagar Tela ya ajiye ta a kan keken.

"Ga aronka."

"Kai, Likita, wasa ne fa," in ji Tela. "Shekara arba'in muna wasa. Ɗauki abarka."

"Kai ne kake wasa."

Na bi shi na ce motata ce, ni ne mai ƙara, kuma ban kawo ƙara ba. Ya ce ba ni ya yi wa alkawarin ba. Auta ta roƙe shi har da hawaye. Ta ce ya zo garejinsu, babu mai hannunsa a haɗin dalma, ita ta gano wuri shi ya gyara. Ya tambaye ta motoci nawa ne irin wannan suka shigo rumfarsa a shekara goma, ya soke su suka tafi.

"Suna can suna ruɓewa a hannun mutane," in ji shi. "Wani a kan babbar hanya tasa za ta yi shiru. Ni ko littafi ba ni da shi da zan bi su."

A cikin mako ɗaya ya kwashe kayansa. Gwangwanayen fis ya ba mai faci, wayoyin Auta ta ɗauka. Yanzu wani mai sayar da rigunan wayar hannu ne a rumfar, ya yi mata fenti shuɗi. Tela bai yi wa kowane wando kalmasa da allurar ba. Ya soke ta a jikin katakon taga, tana nan ta yi tsatsa.

Shekara biyu ke nan da wata huɗu. Yana zaune a gidan babban ɗansa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Idonsa ya soma rauni, ba ya fita sai da dalili. Nakan je kowace Alhamis da ƙarfe huɗu, mu sha shayi, in karanta masa jarida. Wani lokaci a tsakiyar karatu yakan tsayar da ni ya ce ya tuna wata mota, ruwan toka, ta wata malamar makaranta, ya taɓa mata damin wayoyi a bayan allon gaba, ko na san inda take zaune. Ban taɓa sanin ko ɗaya ba.

Motar ba ta sake tsaya mini ba. An canja robar gilashin, Auta ce ke duba ta yanzu. Idan na je wurinsa a bakin layi nake ajiye ta in ƙarasa da ƙafa, don ya roƙe ni kada in kawo masa ita ƙofar gida.

Littafin yana nan a akwatin gaba. A shafin ranar Asabar ɗin na rubuta abin da aka samu da abin da aka gyara. A wurin wanda ya yi aiki na fara rubuta sunan Auta, sai na tuna hannun da ya riƙe dalmar. Na ja wa nata layi ɗaya, na rubuta nasa a sama.